Ƙiwar Nana

Dogo Tebo, Potiskum
Talata, 11 ga Yuni, 2013, ƙarfe huɗu da rabi na yamma

Ya Meram,

Gaisuwa mai yawa. Ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da yara, da duk mutanen Azare. Har yau ba a dawo mana da layin waya ba, shi ya sa zan ba direban motar safe wannan takarda.

Mu lafiya lau. Ina zuwa asibitin unguwa taimako da safe kafin takardar bautar ƙasa ta fito. Fanne matar Yaya tana haƙuri. Ba labarin Yaya Umara tun da ya bar ta da jaririya 'yar wata uku, kuma kin san abin da ake faɗa, cewa yaran daji ya bi.

Nana ta shiga wata na tara. Tana rarrafe, haƙora biyu sun fito a ƙasa. Sai dai ta fara ƙiwa mai tsanani. Fanne ba ta iya shiga banɗaki sai da kuka. Ni baffanta, da nake gida ɗaya da ita, idan na miƙa hannu sai ta cusa fuska a wuyan uwarta. Jiya a shingen sojoji aka ce Fanne ta kwance goyo a duba, kamar kowace mace. Na karɓi yarinyar, ta yi ta ihu har sojan ya tambaya ko sato ta muka yi.

Kada ki damu, ba ciwo ba ne. Mun karanta shi a makaranta: a wannan lokaci yaro yake fara bambance fuskar da yake gani kullum da baƙuwa, kuma wanda ya rabu da shi tun yana wata uku ba zai tuna shi ba. Na faɗa wa Fanne haka don ta shirya zuciyarta idan Allah ya dawo da Yaya.

Ƙaninki,
Bashir

Lahadi, 23 ga Yuni, 2013, bayan azahar

Ya Meram,

Ina gaishe ki, ina gaida kowa. Ki karanta wannan ke kaɗai.

Ranar Alhamis magani ya ƙare a asibiti, na dawo gida da wuri. Na tarar da mai ruwa a ƙofar zaure da kurarsa. Ya ja hula, ya ɗaure hanci da baki da ƙyalle. Fanne tana tsaye da Nana a hannu. Zan faɗi abin da na gani kawai. Nana ta yi dariya, ta zabura da hannu biyu wajensa har ta kusa suɓucewa. Shi kuma ya tare ta ba tare da ya duba ba, ya ɗora ta a kafaɗar hagu. Ta kama kunnensa tana wasa.

Maƙwabciyarmu Maman Ene tana shara a waje. Ta ce, “Ke Nana, kin ƙi baffanki mai digiri, kin zaɓi mai ruwa?” Matan layi suka yi dariya. 'Yan sintiri biyu suna zaune a benci gaban shagon Hussaini. Ɗaya ya yi dariya. Ɗayan bai yi ba, ya bi kurar da ido har ta sha kwana.

Ban ga fuskar mutumin ba. Tsayinsa na Yaya ne. Jarkokinsa kuwa ba su ragu ba, domin randarmu a cike take tun safe.

Na tambayi Fanne tun yaushe yake kawo mana ruwa. Ta ce ba ta lura ba. Na ce ta shirya in kai su wurinki, ta ce ba inda za ta. Sai ta roƙe ni in riƙa daɗewa a asibiti.

Ya Meram, kin san abin da ya sami gidan da aka kama a unguwar Yindiski. Sojoji ba su sami wanda suke nema ba, suka tafi da ƙannensa, har yau shiru. Ni ne kaɗai namiji a gidan nan. Jiya mai unguwa ya aiko in je gobe da safe, bai faɗi dalili ba.

Ga abin da ban sani ba. Ban sani ba ko Yaya ne. Idan shi ne, ban sani ba ko gudowa ya yi daga wurinsu, ko su suka aiko shi. Ban san abin da ɗan sintirin nan ya faɗa ba, ko wa ya faɗa wa. Kuma idan mai unguwa ya tambaye ni gobe, ban san wanda zan ceta ba, ni ko shi.

Ki sa mu a addu'a. Idan motar Laraba ta iso ba takardata, ki zo ki ɗauki yarinyar.

Ƙaninki,
Bashir