Hannuna a Cikin Jirgin Mijina

Anti, don Allah ki taimake ni, ba ni da wanda zan faɗa wa wannan magana.

Ranar da komai ya sauya ina kishingiɗe da littafi a hannuna, na kai daidai inda saurayin ya dawo daga tafiya, sai maigidana ya shigo da rana tsaka. Matuƙin jirgin saman soja ne. Ya ajiye hularsa a kan firij, ya ce likitan wurin aiki ya gwada idonsa, an sauke shi daga tuƙi. Ni da na cika kaina da labaran soyayya, na ɗauka zai kwantar da kansa a kafaɗata ya yi kuka. Ina! Ruwa ya sha, ya shige ɗaki.

Da shirun ya yi yawa, yayansa ya kawo masa ɗan jirgin roba da ake haɗawa da gam, irin wanda ya tuƙa sak. Teburin cin abincinmu ya koma na fenti. Bai damu da fukafukai ba, ɗakin matuƙin ya sa a gaba, wurin da bai kai kwalin ashana girma ba. Ya ce sabon jirgi ba shi da rai, sai an tsufar da shi. Yakan goge buroshi har ya kusa bushewa, ya ɗan shafa fentin azurfa a ƙasa inda takalmi ke cinye fenti. Ya kankare bakin fensir ya goga garin a sandar tuƙi, don ta yi sheƙin abin da hannu ya daɗe yana riƙewa. A teburin nan kaɗai yake hira. Har tsokanata yake yi, wai jaruman littattafaina ko keke ba su iya tuƙawa ba.

Amma idon ya ci gaba da ja baya. Wata rana farin fenti ya malale a kan agogunan jirgin, azurfa ta ɓata kujera, ya ɗago yana nuna min da murmushi, bai ga ɓarnar ba. Da ya fita, na ɗauki tsinken sakace da gilashinsa na ƙara girma, na gyara. Tun daga nan haka muke, yana ɓatawa, ina bin bayansa. Wallahi a lokacin na ji kaina kamar matan cikin littafi, masu sadaukarwa a ɓoye.

Anti, yanzu jirgin ya zama shaidarsa. Ya daina zuwa wurin likitan ido. Ya karɓe makullin motarsa da ke ajiye a hannun yayansa, ya nuna masa agogunan, ya ce mai ciwon ido ba ya wannan aikin. Kwanan nan madubin motar ya karye a bakin get, ya ce wani ne ya goge shi.

Na kuma yi kuskure. Na sa alamar gogewa a bangon dama na ɗakin matuƙin, alhali ya sha faɗa min hannunsa na hagu ne ke cinye fenti wajen ba jirgi wuta. Ya kai jirgin bakin taga, ya kusa manna shi da idonsa, ya daɗe. Sai kawai ya tambaye ni me ya sa ba ya ganina da littafi yanzu.

In na faɗa masa, na ƙwace abin da ya rage masa. In na yi shiru, ina tsoron motar nan. Na wanke buroshin na mayar. Ba zan sake taɓa jirgin ba, kuma ba zan faɗa masa ba.

Taki,
Mai hawaye a kan fenti

Amsa

'Yata, Allah ya ba maigidanki lafiya. Ba mugunta kika yi ba. Kin ga ɗan farin cikin mijinki zai zube, kin tara hannu. Amma rabin shawararki kawai na yarda da shi.

Daina taɓawa daidai ne. Shirun ne ba daidai ba. In kika janye hannu ba bayani, zai ci gaba da ɓata aikin yana nuna wa mutane, wata rana wani ya faɗa masa a gaban jama'a. Kafin nan kuma motar tana kan hanya, da ransa da na wasu.

Sannan ki sake karanta wasiƙarki. Mutumin da ya san inda gwiwarsa da hannunsa suka taɓa a jirgin nan ba zai ɓata dama da hagu ba. Ina kyautata zaton ya gane, kunya ce da tsoro suka rufe masa baki. Kina ɓoyewa don shi, yana shiru don ke, ciwon kuma yana ta gaba.

Kada ki jira irin lokacin da ake tsarawa a littafi, ba zai zo ba. Ki zauna kusa da shi a teburin, ku biyu kawai, ki nuna masa bangon daman, ki ce aikinki ne. Zai iya yin fushi, ki bar shi ya yi, haƙƙinsa ne. Daga nan ki roƙe shi abu biyu: ya koma asibiti tare da ke, ya ajiye makulli har likita ya yi magana. In ya ƙi, ki sa yayansa a ciki.

Jirgin kuwa kada a jefar. Shi ya san inda kowace gogewa take, ke kuma hannunki ya faɗa. Ya riƙa faɗa, kina shafawa, a gaban idonsa. Ku fara da bangon hagu.

Allah ya sanyaya muku, ya bar ku tare.