Waƙar Ministoci

Litinin, 5 ga Mayu

Na sake yin rajistar jarrabawar shiga aikin gwamnati. Karo na nawa ke nan, ba zan rubuta ba, ko takarda ba na so ta sani. Wannan dai shi ne na ƙarshe. A watan Oktoba zan cika talatin da biyar, daga nan kuma hukumar ɗaukar ma'aikata ba ta san da zamana ba. Ko furfura ɗaya ban yi ba, amma wai na tsufa.

Na sami Baba a ɗakinsa yana goge takalmin da ba ya zuwa ko'ina da shi. Da na gaya masa sai ya washe baki. "Ni na ƙare rayuwata ina ɗaukar fayil daga tebur zuwa tebur. Ke kuwa, 'yata, sai an kawo miki kin sa hannu." Masinja ne har ya yi ritaya, kuma har gobe ofis ne aljannarsa ta duniya. Ban gaya masa maganar shekarun ba. Da hawan jininsa, me zan ce?

Asabar, 10 ga Mayu

Na koma ajin Malam Tabbas, mai shirya mu wa jarrabawar. Ɗaki ɗaya ne a saman shagon masu walda, benci ya fi iska yawa, fanka kuma tana juyawa ne don kada a ce ba ta zo aiki ba. Muna ce masa Malam Tabbas saboda duk abin da ya rubuta a allo sai ya buga alli ya ce, "Tabbas wannan zai fito."

Fanni biyu ne ke kayar da ni kullum: tarihin tsakiyar zamani da al'amuran yau da kullum. Ni da nake neman kujerar akawu, me ya haɗa ni da sarakunan da ƙasa ta gama cinyewa? Gajeriya, wadda muke zama benci ɗaya, ta ce wataƙila so suke su ga ko za mu iya jure aikin da ba shi da ma'ana. In haka ne ai ni na ci tun tuni.

Laraba, 14 ga Mayu

A kantin maganin da nake aiki yau wata mata ta ce in ba ta maganin tari, na tsaya ina kallonta, bakina na motsi. Daular Abbasiyawa, 750. Mongol sun ci Bagadaza, 1258. Ta ce, "Baiwar Allah, lafiya?" Mai kanti ya leƙo daga ciki, na ga irin kallon da ya yi mini.

An ce da suka ci birnin, littattafai suka riƙa zubawa a kogi har ruwa ya yi baƙi da tawada. Allah Ya yafe mini, na ɗan ji daɗi. Da sun bar su, da Malam Tabbas ya ce mu haddace.

Lahadi, 25 ga Mayu

Malam ya zo da sabuwar dabara. Ya ce sunayen ministoci da ma'aikatunsu su ne rabin tambayoyin al'amuran yau, kuma ba a riƙe su da karatu, sai da waƙa. Ya tsara su baiti-baiti, kowane suna manne da ma'aikatarsa, ga kari mai daɗi, ga amshi. Muka yi ta rerawa muna buga benci, manya da mu, wasu da gemu, wasu da goyo. Masu walda suka kashe injinsu suna saurare.

Abin haushi, ta yi aiki. Kafin in isa gida na zuba su tas, daga na noma har na sufuri, ban yi tuntuɓe ba. Rabon da kaina ya riƙe wani abu haka tun ina firamare.

Gajeriya ba ta zo ba. An ce zazzaɓin taifot ya kwantar da ita.

Talata, 3 ga Yuni

Maigidana ma ya kama waƙar. Na ji shi yana rerawa yana wanke baƙin mai a hannunsa. Na ce, "Kai da ba ka san sunan kansilan unguwarku ba?" Ya ce, "Ai ke kika cuce ni. Yau ina ƙarƙashin mota na ji ina yi wa ministan lafiya kirari."

Na yi dariya, sannan na ji tsoro, don na kama kaina ina sa rai. Sa rai ne ke fara kashe ni duk shekara kafin sakamako ya zo ya ƙarasa.

Alhamis, 12 ga Yuni

An ɗage jarrabawa zuwa wata mai zuwa. Ba dalili.

Juma'a, 20 ga Yuni

Ina jera kwalabe a kanta rediyon mai kanti ya faɗa: an yi wa majalisar ministoci garambawul. Na tsaya da kwalba a hannu. Da korarsu aka yi aka kawo sababbi, da na gode Allah. Ina! Mutanen nan dai su ne, kujeru kawai aka musanya musu. Na noma ya koma lafiya, na lafiya ya tafi sufuri, na sufuri an kai shi ilimi, haka har ƙasa. 'Yan kaɗan ne aka bari inda suke, don a ƙara rikita mutum.

Mai kanti ya ce, "Su dai sun ji daɗi." Ni ko na shiga bayan kanti, wurin kwalaye, na zauna na ɗan lokaci.

Asabar, 28 ga Yuni

Aji kamar gidan makoki. Wani mai gemu ya miƙe ya ce, "Malam, yanzu waƙar nan fa?" Malam ya goge gumi ya ce ba komai, kari ɗaya za mu riƙe, sunaye kawai za mu sauya wa wuri. Muka gwada. Baiti na farko ya tafi daidai, a na biyu rabin aji suka zame suka koma tsohuwar, sauran suka bi su. Malam kansa sai da ya mayar da na lafiya noma, ya tsaya, ya kalli allo, ya ce mu tashi haka.

Gajeriya ta dawo, ta rame kamar sillen kara. Ba ta taɓa jin waƙar ba. Ta kwafi sabon jeri a bayan ambulan, ta ce za ta karanta shi haka nan, da ma ita ba ta da muryar waƙa. Na tausaya mata, har na ce, "Kin yi asara, ƙawata." Ni ce na faɗi haka da bakina.

Lahadi, 6 ga Yuli

Na san sababbin. Wallahi na san su. In na zauna shiru, na rufe ido, ina kawo kowa kujerarsa. Amma da an tambaye ni da sauri, sai tsohuwar ta riga ni fita. Abin da ya shiga da kiɗa ba ya fita da lallashi.

Na yi wa Maigida tsawa da safe don na ji yana gunaguninta a banɗaki. Ya fito da sabulu a kunne ya ce, "To ni me na yi?" Bai yi komai ba. Na ba shi haƙuri da rana, ya ce ya wuce, amma yini guda bai sake ko tari ba a gidan.

Yanzu na fi son matattun sarakuna. Mansa Musa ya tafi Makka a 1324, kuma ba wanda zai wayi gari ya mayar da shi ma'aikatar sufuri. An ci Kustantiniya a 1453, ta ciwu ke nan. Su ne kaɗai ba su taɓa yaudarata ba.

Laraba, 9 ga Yuli

Baba ya kira ni yana koya mini yadda ake zama a ofis. Kada in ci abinci a kan tebur, kada in yi wa masinja tsawa, in ya kawo fayil in ce masa sannu. "Akwai wata shugabarmu, in na shiga sai ta ce, Baba, ka zauna ka huta. Irinta nake so ki zama." Na ce to, Baba. Na fito na tsaya a tsakar gida ina kallon igiyar shanya.

Asabar, 19 ga Yuli

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Babban zaure, kwamfutoci a jere, agogo na gudu a kusurwar allon kowa. Tarihi ya fara zuwa, na bi shi kamar ina shan ruwa, har na ce a raina ashe da rabon Baba. Sai ga al'amuran yau. Wane ne ministan lafiya? Sunaye huɗu, dukkansu na cikin waƙar. Na danna kafin in yi tunani, yatsana ne ya amsa, ba ni ba. Na wuce, na wuce, sai can gaba na farga tsohon na danna. Na koma baya na gyara. Na sake dubawa, na rasa wanne ne gyaran, wanne ne kuskuren. Wanda ya fi zauna mini daidai a kunne shi ne tsohon, ko kuwa sabon ne da na yi ta maimaitawa? Na canza, na mayar, na sake canzawa.

A nan ne na ji wani ƙaramin sauti a bayana, sai wani daga hagu. Gunaguni ƙasa-ƙasa, kari ɗaya. 'Yan ajinmu ne warwatse a zauren, kowa na rera ta a maƙogwaro yana neman hanya. Mai sa ido ta ce, "Wa ke mana waƙa a nan?" Aka yi tsit. Da ba a kaina abin yake ba, da na yi dariya har na faɗi.

Ina can ina kokawa da ministoci allon ya rufe. Shafin ƙarshe ko buɗe shi ban yi ba.

A bakin ƙofa Gajeriya ta ce, "Ai da sauƙi, ko?" Na ce ina sauri.

Lahadi, 20 ga Yuli

Baba ya tambaya. Na ce mun yi abin da ya sauwaƙa. Ya ce Alhamdu lillahi, ya ƙara da cewa ya yi mafarki mai kyau.

Talata, 26 ga Agusta

Sakamako ya fito. A tarihi na yi abin da ban taɓa yi ba, matattu sun riƙe amana. Masu rai ne suka kayar da ni. Kaɗan ya rage in kai, kuma wannan kaɗan ɗin ya fi faɗuwa warwas ciwo.

Gajeriya ta ci. Ta kira ni tana kuka, na taya ta murna da muryar da ban san ina da ita ba. Ina son yarinyar nan, amma yau sai da na yi hassadar taifot ɗinta. Na rubuta ne don in gani da idona irin abin da na zama.

An ce Malam Tabbas ya buɗe sabon aji, yana gaya wa sababbi cewa ɗalibarsa ta ci.

Litinin, 1 ga Satumba

Na gaya wa Baba bayan ya sha maganinsa. Ya shafa gwiwa, sannan ya ce, "Ba komai, 'yata. Wani jinkirin alheri ne. Baɗi sai ki sake."

Da na bar shi a haka. Har na miƙe. Amma na ga zai shekara yana jira, yana gaya wa abokan hirarsa saura ƙiris, sai na koma na durƙusa. Na ce, "Baba, babu baɗi. Shekaruna sun wuce." Bai gane ba sai da na maimaita. Ya ce, "Ke? Yaushe aka haife ki da har za ki wuce?" Ya fara lissafi da yatsu, ya tsaya a tsakiya.

Ya sauke hannunsa. Can ya ce, "Ni ne na riƙe ki a hanyar nan. Da na bar ki kin kama wani abu tun da wuri." Na ce ba haka ba ne. Ya ce in rufo masa ƙofa.

Ban yi kuka a gabansa ba. A madafa na yi, na bar famfo a buɗe.

Alhamis, 11 ga Satumba

Ba wani labari. Ciniki ya yi dama-dama, mura ta yi yawa a gari.

Tun da na fara aiki a kantin nan a kan kwalin ruwan da ake ƙara wa marasa lafiya nake zama. In ya lotse in canza wani. Mai kanti ya sha cewa in sa kafinta ya yi mini kujera, ni kuwa in ce a bari, ai ba daɗewa zan yi ba. Haka nake faɗa tun babbar 'yata tana goye, ga shi yanzu ita ke yi wa ƙannenta wanka.

Yau da na fita cin abinci na biya ta wurin kafinta. Bayana ne ke ciwo, ba wani abu ba. Ya tambaye ni ko kujera irin ta wucin gadi nake so, mai sauƙi, wadda za ta ɗan kai ni wani lokaci. Na ce a'a, ya sa katako mai kyau, ya yi mata majingina.

Ya zo har kanti ya auna tsayin kanta. Mai kanti yana tsaye yana kallo, sannan ya koma ciki.

Ran Asabar za a kawo ta.