Ruwan da Dabora Ta Zuba wa Jikanka

Yamai, 12 ga Maris 1963

Zuwa ga Yaya Mijinyawa,

Gaisuwa da girmamawa. Ina fatan kana lafiya, kai da iyali da mutanen Maraɗi, kuma ciwon gwiwar nan ya yi sauƙi. Ɗiyarka Balkisa da jaririnta suna lafiya.

Saƙonka ya iso, cewa lallai Dabora, ma'aikaciyar jinyar nan Kirista, ta kwashe kayanta daga gidanmu na gado kafin suna. Yaya, ka san ba ni da ɗaga murya, amma wannan magana ba zan bari ta wuce ba.

Ni ina cikin ɗakin da aka yi haihuwar, Kabiru mijin Balkisa ba ya nan. Ranar Juma'a ce, maza duk suna masallaci, naƙuda ta zo da gaggawa, babu halin zuwa matanite, asibitin haihuwa. Yaron ya faɗo shiru, jikinsa kamar toka. Dabora ta dawo daga aiki ke nan, ko takalmi ba ta cire ba. Ta share masa baki, ta tsoma shi a ruwan ɗumi, ta yayyafa masa na randa, ta sake, ta sake. Haka suke yi a likita. Bakinta yana motsi, gaskiya ne, addu'arta take yi. Ni ma tawa nake yi. A karo na huɗu ya tsala kuka.

Wannan ne Kabiru ke yawo da shi tasha-tasha, wai ta yi wa ɗansa wankan shiga Kirista a ɓoye. Shi da ya iso yaro na shan nono! Yanzu an hana ta taɓa guga a rijiya, an watsa mata toka a shanya, mata na janye ƴaƴansu in ta wuce. Shekara shida tun zuwanta daga Dogondutsi, wace haihuwa ce a unguwar nan ba a buga mata ƙofa ba?

Na ce ta kai ƙara wurin mai unguwa, ta ƙi. Ta ce littafinsu ya riga ya gaya musu za a yi musu ƙage saboda Almasihu, shi ma an yi masa, kuma an umarce su su roƙa wa mai ƙagen alheri. Wai har Kabiru take sa wa a addu'a. Wallahi haushinta ma na ji. Kullum da safe sai ta tsaya bakin zana ta tambaye ni yadda cibiyar yaron take, tunda an hana ta shiga.

Ka janye maganar nan, don Allah.

Ƙanwarka,
Mariama

Yamai, 16 ga Maris 1963

Yaya Mijinyawa,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarka, amsarka ta zo: in yi shiru, kada surukinka ya ji kunya.

An yi suna, yaro ya ci sunanka. Da aka shafa fatiha na yi abin da ban taɓa yi ba, na tsaya bayan ƙyauren zaure na faɗi abin da idona ya gani, da ƙarfi, liman yana ji. Kabiru ya ce tsufa ne. A allo ɗaya Baba ya koya mana hukuncin mai ɓoye shaida, ni ban manta ba.

Dabora ta bi umarninka. Ta share ɗakin, ta ba ni mabuɗi, ta ce in gode maka zaman shekara shida. Ga shi cikin ambulan.

Sai dai ɗakina rabona ne na gadon Baba, kai ka sa hannu aka raba. Can na kai akwatinta. Tana karatunta a gefe, ina sallata a gefe. In fitar da ita za ka yi, ka zo da kanka, ka fara da buzun sallata.

A gaida Yaya Raliya da yara.

Ƙanwarka,
Mariama