Sannu, Ilu

Zuwa ga ƙanena Ilyasu,

Amincin Allah da rahamarsa su tabbata a gare ka a inda kake kwance. Bayan gaisuwa da fatan kana cikin ni'ima, ina sanar da kai cewa Mma tana lafiya, sai dai ƙafar nan tata, yarana ma lafiya lau, kasuwa kuma da godiya. To, na gama gaisuwar manya. Yanzu ka saurare ni da kyau, don tun jiya bakina ya ƙi rufuwa, kuma a cikin labarin akwai laifin da na yi maka.

Ilu, kiɗanka yana nan da ransa! Wallahi da kunnena na ji shi jiya bayan la'asar a unguwar Hédzranawoé, wajen bikin 'yar ƙawata Asabe. Ina zaune ina fama da cinyar kaza sai samarin da aka ɗauko suka taɓa jita. Tun bugun farko naman ya faɗi daga hannuna. Kiɗan nan naka ne, wanda kake sa jita ta yi magana irin ta garaya. Shekara shida da binne ka, ga 'yan ƙabilar Mina da Kotokoli da Zabarmawa da namu 'yan Zongo sun cika rumfa suna rawa da shi.

Amma tsaya ka ji abin da ya tsinka min zuciya. Ka san wuraren nan uku da kiɗan ke yankewa? Suna yin su daidai! A na farko kowa ya ƙame, a na biyu mata suka tsaya da mayafi a sama. A na uku, mai tsawon nan, sai duk rumfar ta ɗauka da ƙarfi, "Sannu-ilu!" Suka kwashe da dariya, kiɗa ya ci gaba. A duk wurin kuwa ni kaɗai na san abin da suke faɗa.

Ka tuna yadda ciwon ke zuwa maka? Likita ya ce amosanin jini ne, mu dai a gida ciwon ƙashi muke ce masa. Da an yi ruwa gari ya yi sanyi, yatsunka su kumbura, ka kwanta kan tabarma kana cizon zanen Mma don kada maƙwabta su ji. Ni ce mai dafa ruwa, ni ce mai gasa maka hannu da tsumma. Kai kuma, ɗan rainin hankali, hawaye na zuba kana ce min ruwana bai kai shayin Baba zafi ba.

Ka tuna ranakun da ake rufe kasuwa a jera mu bakin titi da anko muna tafi, saboda babban baƙo zai wuce? An sa ka cikin makaɗan unguwa na animasiyo, wato kiɗa da rawar tarbar manya, ka tsaya a rana tun hantsi. In ciwon ya soke ka, sai ka ɗauke hannu daga tsirkiya, ka yi murmushi, ka dawo daidai kan bugu. Mai kula da ku ya taɓa daka maka tsawa, daga baya kuma shi da bakinsa ya ce wannan tsayawar ita ce gishirin kiɗan. Da muka dawo gida ka yi ta dariya har kana riƙe ciki.

A ranar ce ka sa na yi maka alkawari. Ka ce, "Yaya, kada ki faɗa wa kowa. In sun sani, tausayina za su riƙa ji, ba kiɗana ba." Na ce na ji. Na riƙe maka wannan magana har aka ɗauke ka, na riƙe ta bayan haka.

Kaset ɗin da samarin suka koyi kiɗan a cikinsa kuwa, ashe na ranar sunan ɗan Malam Garba tela ne, can tsohon Zongo kafin a tashe mu. Ya ajiye rakodarsa kusa da ƙafarka. An yi ruwa da safe, na ce kada ka je, ka ce min ni ba likita ba ce. Sau biyu ka tsaya ka dawo. A na ukun na ga leɓenka ya yi fari, hannun ya ƙi komawa. Ina bayanka da kwanon ruwan ɗumi a ƙarƙashin mayafi, sai bakina ya suɓuce na ce, "Sannu, Ilu." Ban san rakoda na da kunne haka ba.

To, jiya da suka gama, sai shugaban makaɗan, wani dogo mai gashi kamar kwando, ya ɗauki lasifika yana yanga da Faransanci. Wai kiɗan daga Accra ya zo, a iyakar Aflao ya sayi kaset ɗin, babu suna a jikinsa. Wai "sannuyilu" kalmar mutanen Gana ce, ma'anarta a yi murna.

Kai! Ilu, ka san yayarka. Na ji jini ya hau min kai. Na ce a raina, in na yi shiru, kiɗan ƙanena ya zama na wani ƙato a Accra har abada. In na yi magana, na ci amanarka. Na zauna, na tashi, na sake zama. Asabe ta riƙe min zane tana cewa in rufa mata asiri gaban surukanta. Ina! Na fizge, takalmina ɗaya ya tsaya ƙarƙashin benci, haka na isa gabansa.

Na ce masa Ilu sunan mutum ne, Ilyasu ɗan Zongo, ƙanena uwa ɗaya uba ɗaya, muryar da ke cikin kaset kuma tawa ce. Ya yi dariya, ya ce kowa ma zai iya faɗin haka, in da gaske nake in gaya masa dalilin da tsayawa ta uku ta fi sauran tsawo, don shi ya daɗe yana mamaki. Nan ne na karya alkawarin. Na karɓi lasifikar na faɗa musu komai: yatsun, tsumman, ruwan ɗumin, da shekarunka ashirin da biyu.

Na ga mata suna share ido da bakin mayafi, na ce shi ke nan, abin da yaron nan ya guda na jawo masa. Dogon ya sunkuyar da kai, ya tambaye ni sunanka cikakke, ya rubuta a jikin jitarsa. Sannan suka sake ɗauko kiɗan daga farko.

Tsayawa ta farko ta wuce, ta biyu ta wuce. Da aka zo ta uku babu wanda ya yi ihu. Mai jita ya ɗage hannu ya ƙi saukewa, kowa ya juyo yana kallona. In na yi kuka, na san kiɗan ya zama na zaman makoki ke nan. Sai na cika ƙirji na ɗaga murya yadda nake kiran ciniki, na ce, "Sannu da aiki, Ilu!"

Wayyo, da ka ga wurin! Guɗa ta tashi, jita ta faɗo kan bugu, benci ya kife, tsofaffi suka shiga fili. Sau huɗu aka maimaita, kowane karo duk rumfar na yi maka sannu da aiki. Na yi rawa da takalmi ɗaya har ɗankwalina ya faɗi.

Ɗan'uwana, ba zan yi maka ƙarya ba, wasu sun ji tausayinka. Amma da hawayen nasu suka yi rawar, ban ga wanda ya koma ya zauna ba. Na yi kewarka ƙwarai, Ilu. Ka yafe min.

Allah ya jiƙanka, ya haskaka makwancinka, ya sa wahalar da ka sha ta zama kaffara. Allah ya tashe ka da jikin da bai san ciwo ba, ya haɗa mu a Aljanna, amin.

Yayarka mai baki,
Rabi