Ni Na Toshe Indararo, Ɗiyata Aka Cire Daga Rajista

Assalamu alaikum Gwaggo Barakatu. Don girman Allah ki taimake ni da shawara, ki kuma yi haƙuri da rubutuna. A aji biyu na sakandare muka rabu da boko, kuma har yau ba a aiko nemana ba.

Ni ɗan acaɓa ne a nan Daura. Da kakar bara na shanya 'yar gyaɗata a kan soro, sai na ga tana gangarowa ta indararo, awakin maƙwabta suna walima a ƙasa. Na sami tsumma na toshe indararon duka biyu, na sauko ina yaba wa kaina basira. Gyaɗa ta ƙare, rani ya wuce, ban ƙara hawa soron ba. Maiɗakina ta yi ta cewa a yi yaɓe kafin damina, ni kuma ina cewa gobe. Ranar da aka yi ruwa na gaske, da la'asar, sai ya taru a sama kamar kududdufi, azara ta gaza, ɗakin ya zauna, ya jawo na kusa da shi. Allah Ya sa duk muna zaure. Ba a rasa rai ba, amma gidan da na gada ya zama kango, kuma tun ranar yaran unguwarmu Injiniya suke kirana.

Tun daga nan muke yawo. Mun zauna gidan yayana Saminu har gaisuwar safe ta fara gajarcewa. Muka koma Sandamu wurin surukaina, inda nake cin tuwo kaina a sunkuye. Da muka dawo, Ignatius mai sayar da kayan gyaran babur ya ba mu sitonsa, Allah Ya saka masa. Tsakanin tayoyi muke kwana, kuma da zarar sabbin kayansa sun iso sai mu tashi.

Duk wannan zan iya ɗauka, ni na jawo. Abin da ya tsaya mini a rai ɗiyata ce Firdausi. Bana ta shiga aji uku a ƙaramar sakandaren gwamnati. Yarinyar tana da kai, ba ni ta biyo ba. Littattafanta da kayan makarantarta suna ƙarƙashin ƙasa. Muna Sandamu aka koma makaranta. Ranar da akwai mai a babur in kawo ta, ranar da babu ta zauna. In ta makara maigadi ya rufe ƙofa, in ta shiga da atamfa a koro ta. Makon jiya aka ce an cire sunanta daga rajista saboda fashi, sai ta zo da uba da takardar mai unguwa. Ga shi an fara rajistar jarrabawar fita.

Mai unguwar su Saminu ya ce ai mun tashi. Na wajen kasuwa, inda siton yake, ya ce sito ba gida ba ne. Namu na asali kuwa, kunya ta hana ni taka unguwar.

Na ɗauki Firdausi muka je makarantar haka nan, ba takarda. Mataimakiyar shugaba ta tambaye ni ina muke zaune, sai bakin nan nawa ya riga ni, na ce gidajenmu uku kamar na wani Alhaji, ba mu gama zaɓa ba tukuna. Ni kaɗai na yi dariya. Ta ce mai gida uku bai kamata 'yarsa ta riƙa makara ba, ta kira na bayana. Da na juya, Firdausi na goge ido da bakin hijabi.

A hanya na rantse mata da Allah sai ta rubuta jarrabawar nan. Har yau kullum da safe sai ta shirya, ta zauna kan taya tana karanta littafin da ƙawarta ta ara mata, kamar za a zo kiranta. Limaminmu ya ce in na karya rantsuwa sai in ciyar da miskinai goma, na ce to ni ne na farko a layi. Amma Gwaggo, kaffara tsakanina da Allah ce, ba za ta mayar wa yarinyar nan shekararta ba. Shin wanda ba shi da gida ba shi da makaranta ke nan? Ɗakin zan iya sake ginawa ko da hannu ɗaya. Alkawarin nan ne ban san ta inda zan biya ba.

Naki,
Injiniya, Daura

Amsa

Wa alaikumus salam Injiniya. Allah Ya mayar da alheri, Ya kuma sa iyakar wahalar ke nan.

Bari in fara da abin da ba za ka so ji ba. Na karanta wasiƙarka sau biyu, ban ga inda ka faɗa wa makarantar nan cewa gidanka ya rushe ba. Mataimakiyar shugaba ba duba take yi ba. Abin da ta gani shi ne yarinya mai fashi da uba mai barkwanci. Dole makaranta ta kula da zuwan ɗalibai, ba laifi ba ne. Sai dai ita ma da ta ja Firdausi gefe ta tambaya kafin a soke suna.

Amsar tambayarka ita ce a'a. Karatu daga firamare zuwa aji uku na ƙaramar sakandare haƙƙin kowane yaro ne a dokar ƙasar nan, rushewar ɗaki ba ta soke shi.

Gobe da safe ka je wurin mai unguwarku na asali. Kangon nan naka ne, kai ɗan unguwarsa ne, kuma ya ga abin da idonsa. A kira ka Injiniya sau ɗari, ba ya fasa jiki. Ka roƙe shi ya rubuta cewa ruwa ya raba ku da muhalli, in da hali ya raka ka. Ka nemi ganin shugabar makaranta da kanta, ka faɗi gaskiya a miƙe, ka bar raha a kan babur. Ka roƙi a mayar da sunanta, a sa ta a rajistar jarrabawa, a kuma ɗaga mata ƙafa kan kayan makaranta zuwa wani lokaci. In abin ya cije, akwai shugaban ƙungiyar iyaye da malamai, sama da shi akwai ofishin ilimi na shiyya. Kada ka bari mako ya juyo.

Sannan ku manya ku yi ta ƙaurarku, amma ita a ajiye ta wuri ɗaya kusa da makaranta har ta gama. Ka koma wa Saminu. Riƙon yarinya ɗaya ba kamar riƙon gida guda ba ne. Takardar mai unguwar ka kai kwafinta kwamitin zakka da sakatariyar ƙaramar hukuma. Ban yi maka alkawarin za a samu ba, amma wanda bai kai kuka ba ba a san da shi ba.

Kafin duk wannan, ka zauna da Firdausi ka ba ta haƙurin abin da ya faru a ofishin nan, ba tare da wasa ba. Yarinyar da ke shiryawa kullum ba ta fid da rai da kai ba. Allah Ya ba ta sa'a, Ya rufa muku asiri. In an sake ɗaki, soron a bar wa uwar Firdausi.

Gwaggo Barakatu