Waƙa ta Takwas Ba Taka Ba Ce

Zuwa ga ƙanena Ma'azu, a Agadas ko duk inda wannan ta same ka.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana cikin ƙoshin lafiya, ina sanar da kai mutanen gida duk lafiya lau. Inna tana gaishe ka. An gama yankan gero, wake kaɗai ya rage a gona. Na rubuto maka a nan, a shafin da nake sa sharhin waƙoƙi, saboda wayarka ba ta shiga, kuma saboda a nan na yi ɓarnar, a gaban jama'a. Daidai ne su ma su karanta.

Ka san halina. Tun ina kwalej ba na barin rana ta wuce ban rubuta abin da ya faru a cikinta ba, kuma kome na sa hannu sai na kafa masa doka. Da na fara sharhin albam ma haka na yi. Babbar dokar ita ce ba na karɓar waƙa daga hannun mai ita. Tasha nake zuwa, wajen masu tura waƙa a waya, in karɓa kamar kowa, don kada a ce an toshe mini baki.

Ina tuna ranar da ka dawo daga situdiyo a Maradi. Ka same ni ƙarƙashin bishiyar bedi ta ƙofar gida ina gyaran takardun yaran da nake koyarwa a lakol. Ka miƙo mini katin memwar na albam ɗinka a naɗe cikin 'yar takarda. Na ce ka mayar aljihu, doka doka ce. Ka yi dariya ka ce, to Yaya, ashe alƙali ba ya cin tuwon gidansu. Na ji daɗin maganar a lokacin. Na ɗauka yabo ne.

Ranar kasuwa na je tashar Gazawa aka zuba mini albam ɗinka. Abin da ban yi tunani ba shi ne hanyar da ya biyo kafin ya iso can, daga wannan waya zuwa waccan. A wani wuri wani ya jefa waƙar wani mutum a cikin naka. Albam ɗinka waƙa bakwai ne. Wanda na kai gida takwas ne.

Na saurara daga farko har ƙarshe, na sake, na sake, yadda na saba. Sai na rubuta cewa a waƙa ta takwas ne Ma'azu ya zama mawaƙi. Na ce a nan muryarsa ta nuna, ta yi kauri, kamar ba shi ba. Har wannan kalmar na rubuta da hannuna, kamar ba shi ba, kuma ban tsaya na tambayi kaina ba. Sauran bakwai ɗin kuwa na tattara su a layi kaɗan na kira su gwajin ɗan koyo. Na tashi ina jin kaina, ina cewa yau kowa zai ga ban yi son kai ba.

Ni ina rubuta sharhi ne kamar za a zauna a karanta shi a natse. Ba haka ake yi da shi ba. An karanta shi a rediyon gari, 'yan kabu-kabu suka riƙe abu guda: wacce malam ya ce ta fi? Masu tura waƙa suka ciro ta ita kaɗai suka liƙa mata sunanka. Kafin a jima tana tashi a shagunan garin Agiye.

Sai bikin auren nan da aka yi a Gangara. An gayyace ka ne saboda ita. Abokan ango suka ce a yi musu ta takwas, ka ce ba taka ba ce, suka ɗauka girman kai ne, wasu suka yi maka ihu. Washegari da hantsi ka shigo gidana, ko zama ba ka yi ba. Ka ce, Yaya, ciki ɗaya muka fito, amma ba ka san muryata ba. Ka juya. Ban bi ka ba.

Da a ranar na fito na ce na yi kuskure, da abin ya tsaya nan. Ban yi ba. Na rubuta gyara na yage, na sake rubutawa na ga bai yi ba. Ƙarshe na goge sharhin daga shafi a ɓoye, na ce wa kaina ai gogewa ma gyara ce. Alhali an riga an kwafe shi ya bazu. Cikin wannan shirun nawa yaran mai waƙar, wani mawaƙi ɗan Tibiri, suka saki saƙon murya suna kiranka ɓarawon waƙa. Kai da ba ka taɓa cewa taka ce ba. Kunyar in ce kunnena ya gaza ta fi mini sunanka nauyi, wannan ita ce gaskiyar. Ana tsakiyar damina ka bar gari.

Makon jiya na shiga mota na je Tibiri na nemi mutumin. Na yi zaton zagi. Sai ya sa aka kawo mini fura, ya saurare ni har na gama, ya ce, Malam, ka raɗa wa jaririna suna a gidan maƙwabci. Ya tsawata wa yaransa a gabana, ya kuma ɗauki saƙo da bakinsa cewa ba ka sace masa kome ba. Na sa saƙon a ƙarƙashin wannan wasiƙa. Ku da kuke karantawa tare da shi, don Allah ku tura shi duk inda kuka tura na farko. Waƙa ta takwas ba ta Ma'azu ba ce, bai taɓa cewa tasa ce ba. Ni na faɗa, ni na yi kuskure.

Katin da na ƙi karɓa yana wajen Inna, cikin kwanonta na jere. Da na roƙe ta, sai ta ce, yanzu dokar ta yarda? Na kai shi gida na saurari bakwai ɗinka su kaɗai. Ba zan yabe ka don in biya laifi ba, ka san ba zan iya ba. A ta biyu kiɗan na'ura ya danne ka. Ta shida ta yi tsawo. Amma ta huɗu, wadda ka yi a kan Baba, Allah ya jiƙansa, yana bin shanun huɗa, akwai wurin da muryarka take karyewa kaɗan in ka ɗaga ta. Haka tasa take yi in yana kiranmu daga bakin gona. Na wuce ta a baya ina sauri in kai ga ta wani. Ban sani ba ko ina da sauran ikon yin magana a kan waƙarka. Ba zan sa ko layi ɗaya a shafi ba sai ka ce in sa.

Wani direba ɗan Agiye ya ce ya gan ka a Agadas kana aikin gini, kuma da aka ce ka ɗan rera musu wani abu sai ka ce kai ba ka taɓa waƙa ba. Wannan ne ya fi kome ci mini rai, ƙanena. Ka yi fushi da ni iyakar yadda ka ga dama, na cancanta. Amma kada ka binne muryarka saboda kunnen mutum ɗaya da ya gaza.

Ba sai ka yi mini magana ba. Kira Inna ka rera mata ko baiti guda, kullum wayar tana gefen tabarmarta. In ka ce kada in ji, zan fita waje har ka gama.

Allah ya tsare ka a inda kake, ya ba ka halal mai albarka, ya wanke sunanka a bakin mutane, ya sanyaya zuciyarka a kaina, ya dawo mana da kai lafiya. Amin.

Yayanka mai neman gafara,
Laminu, daga Gazawa.