Sarƙaƙiyar da Ta Ɓoye Kakanninmu

Daren Alhamis, 9 ga Rajab

Shekara da shekaru ina faɗa, kurmin bayan garinmu ba na sara ba ne, nan kakanninmu suka yi sansani suna yaƙar mahara. Sai a ce tsohon nan ya cika gardama. Yau dai dagaci ya sa an kewaye wurin, har ya ce, "Baba, ashe gaskiyarka ce." Na shafa dutsen niƙan kakata da ke cikin kurmin, hawaye suka zubo mini. Alhamdu lillahi, na gani da raina.

Amma wai don baƙi su ga wuri fes, an sare sarƙaƙiyar da ta ɓoye kakanninmu. Maɓoyar da ake hangowa daga hanyar Yammedi, maɓoya ce? Wa ya ce a sare? Ya fito ya amsa mini.